Tabar Kaka da Maganin Kaska

Ranar sadakar uku, da hantsi, ina tsugune a bakin rijiya ina wanke kwanukan masa, sai ga akuyar Goggo ta fito daga bayan ɗakin Kaka tana tangaɗi. Ta zagaya turmi sau biyu, ta durƙusa, ta kife. Kumfa na zuba daga bakinta, ga guntun busasshen ganye maƙale a leɓenta. Ina ganin ganyen nan kwano ya suɓuce mini. Na san shi kamar yadda na san tafin hannuna. Tabar Kaka ce, wadda aka fito da buhunta waje da safe da za a share ɗakin.

Akuyar tana da ciki. Kafin azahar ta yi ɓarin 'ya'ya biyu.

Ni ma ina da ciki, na fari, wata huɗu, ban faɗa wa kowa ba sai maigidana. Kuma tun ina 'yar shekara goma ni ke daka wa Kaka wannan ganye, ni ke tankaɗe shi, ni ke ɗanɗana shi.

Matan da suka cika tsakar gida suka yo kan akuya.

"Allahu akbar! Har dabba ta san an yi rashi," in ji wata tsohuwar maƙwabciyarmu.

"Kewa ta. Shi ka ba ta ɓawon kankana kullum."

"Ke dai a tohwa mata addu'a. Ɗakin mamaci ba a shiga hakanan."

Goggo, ƙanwar babana, ta zauna daɓas a ƙasa ta rungume kan akuya tana kuka mai sauti. Wata ta raɗa wa ta kusa da ita cewa ranar da aka fita da tsohon ma muryar ba ta kai haka ba. Goggo ta ji. Ta ɗago ta ce, "Shi ya yi tamanin da ɗoriya, ya ci zamaninai. Wagga hwa haihuwarta ta biyu ke nan!"

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za a tattara mu. Kakana, mahaifin babana, ya rasu ranar Litinin bayan la'asar a gidansa da ke Ƙofar Rini, bayan tari da ciwon ƙirji da suka daɗe suna cin sa. Na ɗauki biro ne saboda na ga alamar unguwa za ta riƙe shi da labari guda, a ce tsohon nan da tabarsa ta kayar da akuya. Ya fi haka. Zan faɗi abin da na sani.

Mahauci ne, ɗan mahauci. Ya yi wajen shekara sittin tsakanin kwata da kara, kasuwar shanu, kuma duk ɗan Adam da ya gani, da idon sayen shanu yake kallonsa. Ranar da maigidana ya fara zuwa gaishe shi, Kaka bai amsa sallama ba sai da ya tashi ya zagaya shi, ya dube shi gaba da baya.

"Babu kitse," ya ce, "amma ƙashi na da kyau. In anka yi kiwo, za ya yi."

Ni Amarya yake ce mini, irin wasan kaka da jika, maigidana kuwa har Kaka ya bar duniya sunansa Ɓarawon Mata. In ya ga wani na cika baki da alkawari sai ya ce, "Wanda duk yac ce maka nama babu ƙashi, ba mahauci ba na, ƙuri'a ya ka so." In aka kawo masa ƙarar mai girman kai sai ya ce, "Wuƙa ba ta tambayar bajimi ko ɗan wane na."

Sai taba. Da safe lofe, tukunyar tabarsa ta yumɓu mai dogon kara. Da yamma gari, wanda yake cusawa a leɓe. Sigari kuwa ba ya ko son jin sunanta. Ya taɓa kama Baffa, ƙanen babana, da kara ɗaya a bayan zaure, ya bi shi da sanda har bakin titi, lofe na bakinsa yana tunƙaho da hayaƙi, yana cewa, "Za ka kashe kanka da guba, ɗan banza!" Da mutane suka nuna masa abin da ke bakinsa, sai ya ce, "Wagga daban ta. Ta Nasara ita ad da guba. Tawa kau na san gonar da tat tsira, na san mai gonar, na ci tuwon sunan ɗiyanai."

Gaskiya ne, ya san mai gonar. Buhu guda yake sayowa daga fadama sau ɗaya a shekara. Wata shekara ƙwari suka huda masa rabin buhu, suka mai da shi kamar rariya. Kaka ya yi kwana biyu ba ya magana da kowa. Rana ta uku ya dawo daga kara da kwalba a aljihu, maganin da ake wanke shanu da shi don kaska. Ya tsiyaya a kwano, ya ƙara ruwa, ya shimfiɗa ganye a tabarma, ya tsoma tsintsiya yana yayyafawa. Ni ke riƙe da kwanon. Na ce, "Kaka, warin nan fa?"

"Abin da anka wanke saniya da shi ba ta mutu ba, ni za ya kashe? Na hi saniya taurin rai."

Daga shekarar nan ƙwaro bai ƙara kusantar buhunsa ba. Ya yi ta alfahari da wannan dabara, har yana koya wa abokansa.

Aikina kala biyu ne. Lofe ni ke kunna masa, don numfashinsa ba ya kai ya ja wuta: in ɗora garwashi, in zuƙa sau biyu sau uku har ta kama, in miƙa masa ina tari, shi yana dariya. Gari kuwa in daka ganye da kanwa a ɗan turminsa, da wata 'yar taɓarya mai launin toka, gajera amma nauyi kamar dutse. Wani maƙeri abokinsa ne ya narka masa ita daga cikin tsohon batirin mota. In na tankaɗe, ƙura ta cika mini hanci, sai ya ce, "Ɗanɗana, Amarya. Mai miya ita ka ɗanɗana miya." In lasa in ji ko kanwa ta ji. Ko da aka kai ni gidan miji a Mabera ban daina ba. Duk Juma'a sai na hau keke na zo na yi masa dakan mako, don ya ce dakan kowa tsaki-tsaki ne, nawa ne kaɗai lukui.

Rigimarsa da Liman kuwa ta girme ni. Liman sa'ansa ne, ɗan gidan malamai, tare suka yi wasan ƙasa. Wata rana bayan sallar la'asar Liman ya yi nasiha cewa mala'iku na ƙyamar warin taba, bai ambaci suna ba, amma idonsa na sahun gaba. Kaka ya jira aka shafa fatiha, ya ce, "Malam, ni da ni ka wuni cikin tumbi da jini ba su gudu ba, sai ɗan hayaƙi?" Liman ya ce ba mala'iku kaɗai ba, huhun Kaka ma yana ƙyama. Da ma duk Alhamis Kaka na aika wa Liman hanta. Wannan Alhamis ɗin sai ya aika masa da huhun bajimi guda cur, ya ce a ce da Malam tunda shi ke damuwa da huhu, ga shi nan ya adana. Wata uku Liman na cin huhu, kuma bai taɓa mayarwa ba.

Ranar jana'iza Liman ne ya yi masa salla. Sai da ya yi kabbara ta fari sau biyu, don ta farkon kuka ya tare ta.

Ranar farko ta zaman makoki wasu mata suka yi ta shigowa waɗanda babu mai saninsu a gidan. Daga Runjin Sambo, daga bayan kasuwa, wata har daga ƙauye. Kowace da zance ɗaya: ranar da ta haihu mijinta ba shi da halin ƙauri, ƙafafun shanu da ake dafa wa mai jego, sai ga ƙafafu huɗu an kawo a ƙunshe, an ƙone gashin an kankare. In an tambayi daga ina, sai a ce wani mahauci ne ya ce sun yi masa yawa. Wata ta zo da saurayi ƙato, ta ce, "Wanga da ƙaurin tsoho na shayar da shi." Babana ya yi ta sunkuyar da kai. Shi ma bai sani ba.

Ni kuwa da fushi muka rabu. Wata Juma'a, mako biyar kafin rasuwarsa, na shigo na miƙa hannu zan ɗauki lofe, sai ya fizge. Ya sa ƙafa ya tura turmi ƙarƙashin gado.

"Amarya, na sake ki. Kin tsuhwa, dakanki ya lalace. Tahi waje ki zauna da mata."

Na ɗauka wasa ne. Da na ga ya ɗaure fuska, na fita ina ƙunƙuni. Juma'a biyu ban zo ba. Ta uku na zo na gaishe shi daga bakin ƙofa, ya ce in tsaya nan, kada in shigo, ɗakin da hayaƙi.

To, mu koma kan akuya. Kawu, yayan innata, malamin dabbobi ne, yana zaune a waje cikin masu karɓar gaisuwa. Aka kira shi. Ya buɗe idon akuya, ya ɗura mata wani abu, sannan ya ɗauki ganyen ya shinshina. Ya sake shinshinawa.

"Wa yaz zuba wa wanga ganye maganin kaska?"

Na ce, da murya kamar ba tawa ba, "Kaka ne. Duk shekara."

"Duk shekara? Shina sha hakanan?"

"Yana sha, yana sa wa a baki."

Kawu ya cire hula ya mayar. Ya ce a ɗauko masa turmin. Da ya ga taɓaryar, ya karce ta da farce, wurin ya yi ƙyalli. Ya ce, "Dalma ta. Tsoho ya haɗa guba uku wuri guda, ya yi shekaru shina lasa. Wa ka yi mai daka?"

Duk idanu suka juyo kaina.

Labari ya fita zaure kafin Kawu ya wanke hannu. Ashe da safen nan abokan Kaka uku sun buɗe battar tabarsa, kowa ya ɗibi ɗan kaɗan ya cusa a leɓe, wai don tunawa da aboki. Sai ga dattawa uku jere a bakin kwalbati suna tofar da yawu. Ɗaya na kiran a kawo manja, ɗaya na kiran nono, na ukun yana rantsuwa shi bai sa ba, alhali leɓensa ya yi jawur. Liman na kan tabarma da carbi, bai ko motsa ba. Ya ce, "Shekara talatin ina hwaɗi, babu wanda yaj ji. Yau akuya ta hwaɗi sau ɗaya, kowa ya yarda."

Mutane suka yi dariya har da masu hawaye. Ni ban yi ba. Ina lissafin Juma'o'i. Tun da cikin nan ya shiga na yi daka sau tara ko goma. Na zuƙi lofe. Na lasa. Na dubi 'ya'yan ɓarin da aka rufe da tsumma a gefen akuya, sai na kawar da kai.

Ga shi ba ni da bakin magana. Cikin fari ba a faɗinsa, ko uwarka ba ka iya duban idonta ka ce mata ga abin da ke akwai. Na koma Mabera na faɗa wa maigidana abin da ya faru. Shi malamin firamare ne, sai ya jawo waya ya shiga bincike. Yana karantawa fuskarsa na canzawa, yana cewa, "Ba komai, ba komai," yana kife wayar. Da ya fita alwala na ɗauka na duba. Da ban duba ba ya fi mini.

Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Rana ta uku sai ga Goggo ta sauka daga kabu-kabu, mayafi a karkace, ta shigo ba sallama.

"Tashi mu tahi asibiti."

"Goggo, lafiyata lau."

"Ke lahiyarki lau, shi na cikin hwa?"

Na rufe fuska da zane. Ta ce, "Rufe da kyau. Gidanmu kowa ya sani tun kina wata biyu, kunyarki mu ka tayawa. Kuma kin san wa yaf fara sani? Tsoho. Kina shigowa zaure yac ce mani, wagga tahiya ta canza, saniya in ta ɗauka ba ta ɓoye mani, balle mutum. Shi as sa yak kore ki daga ɗakinai. Yac ce hayaƙi na tsohwahhi na, ba na baƙo ba. Har ya hwaɗa ma yaran kwata su aje mai ƙahwahu huɗu na bajimi in lokaci ya yi, ko shina nan ko ba shi nan."

Na ce, "Don me bai faɗa mini ba?"

"Ya hwaɗa maki mi? Ya kunyata ki?"

Muka tafi da taɓaryar a ƙunshe cikin ɗankwali, da ɗan ganye a leda, kamar yadda Kawu ya ce. Likitar mace ce, tana buɗe baki Goggo ta zungure ni ta ce, "Bakanuwa ta, Allah shi sa ta iya aiki." Likita ta ji ta yi murmushi ta ce, "Baba, ai ke ma tun daga bakin ƙofa na san ba daga Kano kika zo ba." Amma da aka kwance ɗankwali murmushin ya tafi. Ta sa safar hannu kafin ta taɓa.

Ta yi mana bayani a hankali. Ta ce ganyen taba, ko ba a zuba masa komai ba, yana zuƙo wasu ƙarafa masu guba daga ƙasa da takin zamani ya tara a jikinsa, mai sha kuma ya kwashe su zuwa huhu da jini. Ta ce feshin da manomi ya yi a gona ma yakan saura a ganye, wuta ba ta cinye shi duka, balle wanda aka yayyafa da hannu a gida. Ta gargajiya da ta kamfani duk ɗaya ne a nan, sanin mai gona ba ya wanke ganye. Maganin kaska, in ji ta, ba ya daɗewa a jiki, kuma na yi makonni rabona da shi. Dalma ce abin dubawa, don ita takan kwanta a ƙashi shekara da shekaru, in mace ta samu ciki sai ta taso ta bi jini zuwa ga yaro.

Aka ɗebi jinina. Goggo ta naɗe hannun riga ta ce ita ma a ɗiba, ai ita ke share ɗakin. Aka ɗiba, aka kuma auna ta. Likita ta ce gwajin dalma ba a nan ake yi ba, sai an aika wani gari, mu dawo bayan kwana goma sha biyu.

Kwana goma sha biyun nan ba na fatan su ga maƙiyina. Goggo ta tare a gidana, kullum da sabon magani: yau nono, gobe zogale, jibi rubutun da Liman ya aiko. Maigidana ya rantse ya daina bincike a waya, sai in gan shi ya shiga bayi da ita ya daɗe. Duk abin da na ci sai in ji ƙarfe-ƙarfe a harshe. In cikin ya yi shiru in tsorata, in na ji ɗan motsi in ce ko wahala yake sha. Wani lokaci in ji haushin Kaka ya taso mini, sai in tuna shi ma abin da ya sani ke nan, kuma iyakar abin da ya gane ya kare ni daga gare shi.

Ranar Alhamis, sha ɗaya saura kwata, aka kira mu. Likita na riƙe da takarda biyu. Ban zauna ba.

"Zauna mana," ta ce. "Akwai dalma kaɗan a jininki, amma ba ta kai inda ake tsoro ba. Hoton ciki ma lafiya, yaro na girma daidai da watanninsa. Za ki sha magungunan ƙarin jini da na ƙashi, mu sake aunawa kafin haihuwa. Ke da abin cikinki kun tsira."

Na ce ta sake faɗa. Ta sake. Na ce, "Likita, shi Kaka, ita ce ta kashe shi?"

"Ba a auna shi ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Ta dai ci ƙirjinsa. Sauran Allah ne masani."

Goggo ta matso da kujera. "To ni hwa?"

"Ke babu dalma, Baba. Hawan jini gare ki. Ki rage gishiri, ki rage jan nama."

"Ɗiyar mahauci za ki ce ma ta rage nama? Na hwaɗa maki Bakanuwa ta!"

Muka fito. A benci na farko da na gani a baranda na zauna. Sai kuka ya zo, irin wanda ban san ina da shi ba, har da shessheƙa. A nan na gane duk kwanakin nan kaina nake yi wa addu'a, tsoro ya cinye mini wurin makoki, ko sau ɗaya ban zauna na ce Allah ya ji ƙan tsohon nan da zuciya ɗaya ba. Mata masu jiran awo suka kewaye ni. Wata ta dafa kafaɗata tana cewa in yi haƙuri, Allah zai ba ni wani.

Goggo ta ture hannunta. "Wane wani? Lahiya lau anka ce mata. Kakanta na yar rasu, sai yanzu tas samu sarari."

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo maKa da kuskurensa da ƙaurin da ya ciyar a ɓoye. Ka auna shi da rahamarKa, Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya masa ƙirji. Mu da muka saura, Ka sa mu cika da kyau. Amin.